Ku Tambaya Mu Amsa: Zanen alli guda, sunaye goma sha biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a makarantar sakandare. Kwanan baya wani kundin gwanjo na Turai ya shigo hannuna, na ga hoton wani ɗan zane da bai wuce tafin hannu biyu ba: itatuwa uku a bakin rafi, da tsohuwar gada, da tsauni can nesa. An ce wani tsohon gwanin Jamus ne ya yi shi da baƙin alli. Bayanin zanen layi biyu ne kacal, amma a ƙarƙashinsa an jera sunayen waɗanda suka taɓa mallakarsa har layi goma sha biyu, da shekaru da lambobi. Abin ya ɗaure mini kai. In dai zane yana da kyau, ina ruwan mai kallo da wanda ya taɓa ajiye shi a akwatinsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Da ruwansa kuwa. Ni in kundi irin wannan ya zo hannuna, waɗannan layukan nake fara karantawa kafin in koma kan hoton. Tunda ba ka faɗi sunan mai zanen ba, zan yi maka magana a kan irin wannan takarda, in kawo maka waɗanda tarihinsu ke rubuce.

Fara duba ƙarnin da aka jingina masa. Manyan gwanayen Jamus na farko ba su cika zana daji da tsauni da alli ba. Albrecht Dürer na Nuremberg, wanda aka haifa a 1471, da launin ruwa ya ɗauko kwaruruka da ganuwoyin da ya gani a hanyarsa ta ƙetare tsaunukan Alps zuwa Italiya wajen 1495. Wolf Huber da alƙalami da tawada ya zana tafkin Mondsee a 1510, kuma takardar tana gidan tarihi na Nuremberg har yau. Alli a wancan zamanin na fuska ne da ninkin tufafi. Haka Matthias Grünewald ya yi amfani da shi, haka Hans Holbein ƙarami ya zana fuskokin fadawan Ingila. Sai daga baya, musamman a ƙarni na 18, alli ya zama abokin mai fita daji. Johann Georg Wille, Bajamushen da ya zauna a Paris tun 1736, yakan kwashi almajiransa su fita ƙauyuka da jan alli suna zana bukkoki da kangaye da itatuwa. Don haka in aka ce naka na shekarun 1700 ne, ba abin mamaki. In kuwa aka ce na shekarun 1500 ne, to abu ne da ba a cika samu ba, kuma nauyin da ke kan waɗannan sunaye goma sha biyu ya ƙaru.

Na so a ce takardar ce a gabanka ba hotonta ba, don hoto yana kashe alli. Tsohuwar takarda ba sumul take ba, tana da ƙananan kunyoyi na ragar wayar da aka ɗebo kununta da ita daga ruwa lokacin yinta. In mai zane ya ja alli a hankali, baƙin yana sauka a kan tudun kunyar ne kawai, kwarin ya zauna fari, sai ka ga ganyen itace kamar iska na ratsa shi. In ya danna, baƙin ya cike kwarin, gindin itacen ya yi nauyi. Tsaunin nesa kuwa sau da yawa ba layi ba ne, ɗan yatsa aka sa aka murza ƙurar har ta koma hazo. Duk abin da kake gani ƙura ce zaune a kan takarda. Hannun riga zai iya share ta, danshi zai iya cinye takardar, ɓera da kyankyaso da gobara kuwa ba a magana.

Ga kuma wani abu. Babban hoton fenti ana yinsa ne da yarjejeniya, a rataye shi a coci ko fada, jama'a su gan shi shekara da shekaru, a rubuta shi a littattafai. Zanen takarda kayan aikin ɗakin sana'a ne. Yawancinsu ba sa hannu, ba kwanan wata. Almajirai su kwaikwaya, a jefa a kwali, da yawa su ƙare a murhu. Wanda ya tsira, wani mutum ne ya ga darajarsa ya ɗauke shi, bayan ransa wani ya karɓa, haka har ya iso kundin da ke hannunka. Inda aka samu tsara ɗaya da ba wanda ya kula, nan takardar take mutuwa. Sunayen nan su ne shaidun da suka rage. Mu da muka taso muna jin "daga wane, shi kuma daga wane" kafin a karɓi ruwaya, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: ana duba isnadin, a ga ko akwai inda ya yanke, a ga ko masu ruwayar amintattu ne.

Ɗauki Dürer, wanda salsalar takardunsa ta fi ta kowa tsabta. Ya rasu a 1528 bai bar ɗa ba, matarsa Agnes ta bi shi a 1539. Kaso mai yawa na zanensa ya ƙare a hannun Willibald Imhoff, attajirin Nuremberg, jikan Willibald Pirckheimer wanda shi ne babban aminin Dürer. Imhoff ya rasu a 1580, a 1588 magadansa suka sayar wa Sarki Rudolf na Biyu na gidan sarautar Habsburg, da ke zaune a Prague. Daga can takardun suka koma taskar gidan sarautar Habsburg a Vienna. A 1796 Albert na Saxe-Teschen, surukin gidan, ya karɓi ɗaruruwansu ta hanyar musaya, kuma sunansa gidan tarihin Albertina na Vienna yake ɗauke da shi. Shahararren zanensa na zomo na 1502 da na dunƙulen ciyawa na 1503 ta wannan hanya suka iso. Shekara fiye da 500, amma hannuwan da suka bi ana iya ƙirga su da yatsu. Duk da haka ba duka suka tsaya ba. A farkon ƙarni na 19 da yawa sun sulale daga Vienna, shi ya sa yau za ka tarar da 'yan'uwansu warwatse a gidajen tarihi na ƙasashe daban-daban.

Lambobin da ka gani, ina kyautata zaton akwai masu farawa da harafin L. Ga asalinsu. Tun ƙarni na 17 masu tara zane suka fara buga ɗan hatimi a kusurwar takarda ko a bayanta: harufan suna, ko tauraro, ko kambi, wani bai kai ƙwayar gero biyu ba. Pierre-Jean Mariette na Paris, wanda ya rasu a 1774, nasa harafin M ne a cikin da'ira, kuma yakan ɗora zanensa a kan shuɗin kwali mai zaren zinariya, har yau ana gane kayansa daga nesa. Wani ɗan Holan, Frits Lugt, ya zauna ya tattara waɗannan hatimai wajen 3,000, ya ba kowanne lamba, ya gano mai shi da ranar da aka yi gwanjon kayansa inda ya yiwu, ya buga a 1921, ya ƙara wani kundin a 1956. Gidauniyar da ya bari a Paris ta ɗora aikin a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. In ka ga L da lamba, je ka nema, za ka samu mutum da zamaninsa.

Na taɓa zama a wani ɗakin nazarin zane aka juya mini irin wannan takarda. Gabanta itatuwa ne da ruwa. Bayanta kuwa cike yake da mutane: hatimi biyu, ɗaya baƙi ɗaya shuɗi, da wani suna da aka rubuta da tawadar da ta koma ja don tsufa, wani ya zo ya soke shi da fensir ya rubuta wani sunan, da lambar gwanjo, da ragowar manne a kusurwoyi huɗu inda aka ɓamɓaro ta daga wani kundi. Mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suna gardama a kan wanda ya yi zanen, tsakaninsu wataƙila shekara ɗari. Ban san wani abu da ke nuna yadda ake son waɗannan takardu kamar wannan ba.

Yanzu koma kan jerin naka ka sa yatsa tsakanin 1933 da 1945. Wa ke riƙe da zanen a shekarun nan? In jerin ya yi tsalle daga 1928 zuwa 1955 ba bayani, tsaya nan. A lokacin mulkin Nazi an ƙwace kayan Yahudawa, an tilasta wa wasu sayarwa a wulaƙance don su samu kuɗin gudu, sannan sojojin da suka ci Yaƙin Duniya na Biyu su ma suka kwashi ganima. Zanen takarda ya fi komai sauƙin ɓacewa, don ana iya zura hamsin a jaka ɗaya.

Labarin Franz Koenigs ya isa misali. Ɗan banki ne Bajamushe da ya zauna a Haarlem ta Holan, ya tara zane fiye da 2,000 na tsofaffin gwanaye, kuma ɓangaren Jamusawa na cikin mafi kyau a duniya. Tattalin arziki ya karye a farkon shekarun 1930, ya jinginar da su ga wani banki na Yahudawa a Amsterdam, aka ajiye su aro a gidan tarihin Boymans na Rotterdam. A Afrilun 1940, makonni kaɗan kafin sojojin Jamus su shiga Holan, bankin ya sayar wa attajirin Rotterdam D. G. van Beuningen. Kafin shekarar ta ƙare shi kuma ya sayar da 528 ga Hans Posse, mutumin da ke tara wa Hitler kayan gidan tarihin da ya yi burin ginawa a Linz. Koenigs kansa ya mutu a tashar jirgin ƙasa ta Cologne a 1941. Da yaƙi ya ƙare sojojin Sobiyet suka kwashe takardun daga yankin Dresden, aka shafe shekaru ba a san inda suke ba. Jamus ta Gabas ta mayar wa Holan 33 a 1987. A 1995 gidan tarihin Pushkin na Mosko ya fito da 307 ya nuna wa duniya, kuma ba a mayar da su ba. Yukren ta mayar da 139 a 2004. Wasu har yanzu ana cigiya. Takardun Koenigs suna ɗauke da ɗan hatiminsa na FK, kuma saboda shi da lissafin da aka yi tun kafin yaƙi ake iya cewa wannan daga can ta fito.

A 1998 ƙasashe 44 suka amince a Washington cewa za a binciki kayan da aka ƙwace a zamanin Nazi a nemi sulhu na adalci da magada. Tun daga nan gidan gwanjon da ya san mutuncinsa ba ya wasa da wannan giɓi. Ni a ganina wannan ne mafi nauyin dalilan da suka sa ake jera sunayen, ya fi batun kuɗi. Itatuwa uku a bakin rafi ba sa canzawa ko a hannun wa suke, gaskiya ne. Amma in an fizge su ne daga hannun mutumin da aka tura sansanin mutuwa, akwai jikokinsa a raye, kuma haƙƙi ba ya tsufa don takardar ta yi kyau. Ka koya wa ɗalibanka su kalli zanen, Malam, ka kuma koya musu su tambayi daga ina.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce. Allin da muke rubutu da shi a allo ko minti biyar ba ya yi ake gogewa. Ta yaya za a ce zanen alli ya shekara 300? Ko wani allin ne daban?

AMSA: Daban ne, ƙanwata. Baƙin allin masu zane dutse ne mai laushi da ake haƙowa, yumɓu ne da ya haɗu da sinadarin gawayi tun a cikin ƙasa. Jan kuma yumɓu ne mai tsatsar ƙarfe. Ana yanka su sanda-sanda da zarto, a soke a bakin mariƙi na tagulla, a fere. Saboda yumɓun, suna kama zaren takarda fiye da allin makaranta. Farin ne kaɗai ɗan'uwan naku, kuma shi ake ɗigawa a wuraren haske in takardar shuɗiya ce ko toka-toka.

Takardar ma daban ce. Da tsumman lilin ake yinta, a jiƙa a daka har ya zama kunu. Irin wannan ba ta da tsamin da ke cinye takardar itace da aka koma yi daga tsakiyar ƙarni na 19, wadda ke yin ja ta riƙa karyewa. Za ki ga takardar 1750 ta fi jaridar 1950 lafiya.

Masu jan alli na ƙarni na 18 suna da wata dabara. In sun gama sai su ɗora jiƙaƙƙiyar takarda a kan zanen su bi da su ta injin matsa hoto. Ƙurar da ba ta kama ba sai ta koma kan sabuwar takardar, asalin ya daina zuba, a kuma samu zane na biyu a juye, dama ta koma hagu. Waɗannan na biyun suna yawo a kasuwa har yau, kuma mai saye yana lura: sun fi dusashewa, kuma karkatar layukan inuwa tana bin hannun hagu.

Sauran kuwa duhu ne. Takardun nan sun yi yawancin rayuwarsu a manne cikin manyan kundaye a rufe. Yau ma gidajen tarihi a kwalaye suke ajiye su. In za a nuna, wata uku ne ko kusa da haka, a haske mai rauni da ake aunawa laks 50, sannan a mayar su huta shekaru. Zomon Dürer kansa jefi-jefi ake fito da na ainihin.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina sha'awar tara tsofaffin zane ko da ƙanana ne. In na samu wanda jerin masu shi ya cika ba giɓi, har da hatimin wani babban mutum, shi ke nan na tabbata na ainihi ne?

AMSA: A'a, Alhaji, kada ka saki jiki. Jerin yana gaya maka inda takarda ta bi ne, ba ya gaya maka hannun da ya zana ta. Manyan masu tarawa ma sun yi ta ajiye aikin almajiri da sunan malami.

Matsalar ta tsufa. Shekara hamsin bayan rasuwar Dürer, sarakuna da attajirai suka haukace da neman aikinsa, kaya kuwa ba su isa ba. Wani gwani a Nuremberg, Hans Hoffmann, yana shiga gidan Imhoff yana kwaikwayon zomo da fukafukan tsuntsu da kyau ƙwarai, wasu har da tambarin AD na Dürer a jiki. A 1585 Rudolf na Biyu ya ɗauke shi aiki a Prague. Ka ga ke nan takarda za ta iya fitowa daga taskar sarki tun shekarun 1500, salsalarta ba tabo, amma ta Hoffmann ce. Zanen dajin Wolf Huber ma an yi ta kwafarsu tun yana raye, har da shekarar da ya rubuta a sama, kuma wasu ayyukansa ta kwafin kawai aka san su. Waɗannan ba abin ƙi ba ne in an sayar maka da su da sunansu na gaskiya da kuɗinsu na gaskiya. Ni ina ganin kwafi mai shekara 450 abin so ne.

Akwai kuma ƙarya tsagwaronta. Ana sassaƙa hatimin jabu, ana kuma samun tsohuwar takarda marar daraja mai hatimi na gaske a yi sabon zane a kanta. Wolfgang Beltracchi, wanda kotun Cologne ta ɗaure shekara 6 a 2011, bai tsaya ga ƙirƙirar hotunan fenti ba. Shi da matarsa sun ƙirƙiri tarihin mallaka sukutum, suka ce kayan gadon kakanta ne, suka manna takardun shaidar jabu a bayan hotunan, har matar ta yi shigar tsofaffi aka ɗauke ta hoto a matsayin kakarta zaune a gaban kayan. Masana sun yarda shekaru da yawa saboda labarin ya yi daɗi. Abin da ya tona su farin fenti ne mai sinadarin titaniyam da aka gano a hoton da aka ce na 1914 ne, lokacin da ba a fara sayar da irinsa ba.

Don haka kowane suna a jerin sai ya zo da abin da za a taɓa: lambar kaya a kundin gwanjo na shekara kaza, ko rajistar gado, ko hatimin da girmansa da tawadarsa suka dace da wanda Lugt ya rubuta. Kalmomi irin "an ce daga gidan wane" ko "wani mai tarawa a Suwizalan" ba shaida ba ne. Sannan a ɗaga takardar a haske. Tsofaffin masana'antun takarda suna ɗinka ɗan tambari na waya a ragarsu, kan sa ko kambi ko tulu, sai ya fito a cikin jikin takardar. Charles-Moïse Briquet ya tattara fiye da 16,000 daga cikinsu ya buga a 1907, kuma da irin wannan ake gane yanki da shekarun da aka yi takarda. In tambarin na 1780 ne, mai zanen da aka ambata kuwa ya rasu a 1553, magana ta ƙare komai tsawon jerin.

Kafin ka sa kuɗinka, rubuta wa gidan gwanjon ka nemi abu uku: hoton bayan takardar, da hotonta an haska ta daga baya, da rahoton lafiyarta wanda zai faɗi ko an manne ta a kan wata takardar ko an taɓa wanke ta. Gidajen kirki suna aikowa ba tare da ja-in-ja ba. In aka ce ba za a iya cire ta daga firam ba, bar musu kayansu ka jira gwanjo na gaba.